Neman shawara: Shin tabilet za ta iya maye mini gurbin kwamfutar cinya wajen torent da kallo ta intanet?

Abban Sadiya, Samaru:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar na'urori, domin ba na so in yi gaggawar da zan dawo ina cizon yatsa. Kwamfutar cinyata ta shekara shida a hannuna, kuma batirinta ya mutu murus, ta yadda da zarar an ɗauke wuta sai ta ɗauke ita ma nan take. A makon jiya na sayi datar dare, na bar ta tana sauke wani jerin laccocin bidiyo ta torent (wato hanyar sauke fayil gutsure-gutsure daga wasu mutanen da suke da shi a intanet), na je na kwanta. Da asuba na tarar da ita a kashe, aikin bai kai ko rabi ba, wa'adin datar kuwa ya wuce.

Rubuce-rubucena duk a ofis nake yin su, saboda haka a gida abu biyu kaɗai nake yi da ita. Na farko shi ne sauke laccoci da karatun Alƙur'ani da tsofaffin littattafai, yawanci daga shafin ajiya na Internet Archive. Na biyu shi ne kallon YouTube da Netflix tare da iyali bayan sallar isha'i. Tunanin da nake yi shi ne in sayar da ita, in cika kuɗi in sayi tabilet mai inci 10. Shin za ta ɗauki waɗannan ayyuka biyu, ko kuwa akwai abin da zan rasa wanda ban hango ba?

Injiniya Mai Gyara, PZ:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka gida biyu ce, kuma amsar kowane gida daban take.

Game da kallo, tabilet ta wadatar, har ma ta fi dacewa da halin wutar da muke ciki a Zariya. Cajar kwamfutar cinya takan ja wat 45 zuwa 65, alhali tabilet mai matsakaicin kuɗi tana wadatuwa da cajar wat 10 zuwa 18, kuma fawa bank ɗin da kake cajin waya da shi zai iya ɗaukarta. Sai dai akwai abu guda da masu saye ba sa tambaya, wanda kuma masu sayarwa da yawa ba su san shi ba. Netflix da ire-irensa suna amfani da wani tsarin kariya na Google mai suna Widevine a na'urorin Android. Idan tabilet ɗin tana matakin L1, za ta iya nuna maka hoto mai kyau; idan kuwa L3 ce, to, ko da fuskarta ta kai ko'ina wajen kyau, hoton da za a turo mata ba zai wuce na 480p ba, wato mai ƙarancin inganci. Masu arhar nan marasa sanannen suna da yawansu L3 ne. Kafin ka biya kuɗi, ka sa a saka mata manhajar DRM Info a gabanka, za ta faɗa maka matakin cikin minti ɗaya.

Torent ne wurin da zancen yake da tsawo. Da farko ka cire iPad daga lissafi, domin Apple ba ya barin manhajojin torent a shagonsa na App Store. A Android kuwa akwai su, irin su LibreTorrent da Flud, kuma suna aiki. Matsalar ita ce, tun daga Android 6 da ya fito a 2015, an gina tsarin ne a kan tattalin batir, wato idan an kashe fuska aka ajiye na'ura, sai ya riƙa danne manhajojin da ke aiki a bayan fage. Idan ba ka shiga saituna ka cire manhajar daga wannan takunkumi ba, abin da ya same ka a makon jiya zai iya sake samunka, alhali batir yana cike.

Sai zafi. Torent aiki ne da ba ya hutawa: na'ura tana karɓar ƙananan gutsattsari daga mutane da yawa a lokaci guda, tana tantance kowanne, tana rubuta shi a ma'ajiya. Kwamfutar cinya tana da fanka, tabilet kuwa ba ta da ita. A watan Maris da Afrilu, lokacin da ɗaki yake kamar tanda, an sha kawo mini tabilet da aka bari a jone da caja a kan katifa tana sauke abu dare guda bayan dare, har batirin ya kumbura ya ɗaga fuskar daga jikinta, kana iya zura farce a tsakani. Idan za ka yi haka, ka ɗora ta a kan siminti ko tebur, ka cire mata riga.

Maman Khalil, Tudun Wada:

Malam, ni dai shekara biyu ke nan ba ni da kwamfuta a gida sai tabilet, kuma ban ga abin da na rasa ba. Abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, amma a ganina ya tsananta kaɗan, domin gyaran saitin batirin nan sau ɗaya ake yin sa a huta. Manhajar VLC tana buɗe kusan duk bidiyon da na sauke, yara kuma suna kallon darussansu ko babu wuta tun safe.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne data, kuma wannan bai san tabilet ko kwamfuta ba. Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon awa ɗaya a hoto mai inganci yana iya cin giga 3, na matsakaici kuwa kusan giga 1. A fuskar inci 10 bambancin ba ya damuna, saboda haka na rage ingancin. Sannan ka lura cewa torent ba karɓa kaɗai yake yi ba, yana kuma turawa wasu abin da ka riga ka samu, ko bayan ka gama saukewa. A farkon amfanina ban san haka ba, sai na wayi gari datar wata ta tafi a kwana huɗu. Yanzu na ƙayyade gudun turawar, kuma na saita manhajar ta tsaya da zarar ta kammala.

Gargaɗi ɗaya zan yi maka tun da ka ce da iyali kuke kallo. Na sayi wayar da ke haɗa USB-C da HDMI domin in riƙa nunawa a talabijin, sai ta ƙi aiki, daga baya na gane cewa ba kowace tabilet ce ke fitar da hoto ta wannan kafa ba. Idan talabijin kuke so, ka tambayi wannan tun a shago.

Ɗan Kongo:

Yaya, na ji daɗi da ka ambaci inda kake saukewa. Ita fasahar torent, wato BitTorrent, wadda Bram Cohen ya fito da ita a 2001, ba laifi ba ce a kanta, har masu Ubuntu, wani tsarin sarrafa kwamfuta, suna raba manhajarsu ta wannan hanya. Laifin yana ga abin da aka ɗora a kai. Ina roƙon masu karanta wannan zance su tuna cewa Najeriya tana da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kuma ko babu doka, fim ɗin Hausa da aka kwafa aka raba kyauta gumin wasu ne: mai ɗaukar hoto, mai haɗa sauti, da wanda ya ci bashi ya zuba. Ina da ɗan'uwa a wannan sana'a, na ga yadda abin yake karya mutum. Ban da haka, shafukan satar fina-finai su ne matattarar manhajojin cuta, kuma a Android sau da yawa sukan zo ne da sunan wata manhajar kallo da za a ce sai ka saka ta.

Malam Na Gyallesu:

Abban Sadiya, shawarata ita ce kada ka sayar da kwamfutar. Wadda batirinta ya mutu ba za ta yi maka kuɗin kirki a kasuwa ba, alhali amfanin da za ta yi maka a gida ya fi abin da za a ba ka nesa ba kusa ba.

Dalilina shi ne wurin ajiya, wanda ban ga an tsaya a kansa sosai ba. Kai mai tara laccoci ne da littattafai, ba mai kallo ya goge ba. Tabilet mai matsakaicin kuɗi takan zo da giga 64 ko 128, kuma tsarin na'urar da manhajoji sun riga sun cinye wani kaso. Za a ce maka ka sa memori, to, amma idan an tsara memorin ko filashin da tsarin ajiya na FAT32, ba zai karɓi fayil ɗaya da ya wuce giga 4 ba, sai an mayar da shi exFAT. Ga kuma memorin jabu da ya cika kasuwa, wanda aka rubuta masa girman da ba shi da shi: zai nuna maka ya karɓi kaya, ranar da ka zo buɗewa ka tarar da fayilolin sun lalace. Na taɓa rasa karatun tafsiri na azumi guda ta wannan hanya, kuma har yau ban sake haɗa shi cikakke ba. Faifan ajiya na waje mai tera 1 kuwa a kwamfuta jona shi kawai ake yi, alhali tabilet sau da yawa ba ta da ƙarfin wutar da za ta juya shi.

Abin da nake yi a gidana shi ne, tsohuwar kwamfutata tana kan kanta a falo da manhajar torent ta qBittorrent a cikinta, an canza mata batir, ita ke saukewa tana adanawa. Na buɗe foldar bidiyon ga na'urorin gida, sai tabilet ta shiga ta VLC a kan waifai ɗinmu mu kalla, ba tare da an taɓa data ba, tun da abin bai fita daga gida ba. Lokacin hunturu nakan kai ta a hure mata ƙurar da ta taru a fanka, shi ke nan hidimarta.

Abban Sadiya, Samaru:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fasa sayarwa. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo Sabon Gari a duba mini batir, tabilet kuwa sai ƙarshen wata, kuma na rubuta L1 da maganar HDMI a takarda don kada in manta a shago. Malam Na Gyallesu, saura abu ɗaya: ƙaramar na'urar waifai ta aljihu nake da ita, wadda ake sa wa layin waya. Shin ita ma za ta haɗa kwamfutar da tabilet yadda ka bayyana, ko sai na sayi babba?

Malam Na Gyallesu:

Yawancinsu suna yi, matuƙar na'urorin biyu suna jone da ita a lokaci guda. Idan tabilet ta kasa ganin kwamfutar, ka shiga shafin saitin na'urar ka duba ko an kunna zaɓin da ke hana na'urori ganin juna, ka kashe shi. Ka fara gwadawa da wayarka yau da dare idan an kawo wuta, tun kafin ka kashe ko kwabo.