Ƙarin girman jarumi a labari: abin da na tsinta a hirarmu

Jiya mun daɗe muna tattaunawa da 'yan uwa marubuta kan yadda muke ɗaga jarumai, wallahi na ƙaru sosai. Abin da aka fi nanatawa shi ne shekaru. Kar ki ce jaruminki Manjo Janar ne yana ɗan shekara 28, ba zai yiwu ba, wanda ya shiga sojan ƙasa ta NDA Kaduna, wato makarantar horar da hafsoshin soja, sai ya yi shekara 5 kafin ya fito da ƙaramin Laftana, sannan Laftana, Kyaftin, Manjo, Laftana Kanar, Kanar, Birgediya, kowanne da jiransa, wasu har da kwas da jarrabawa. Aikin gwamnati ma haka, mai digiri daga mataki na 8 yake farawa kuma sai ya shekara 3 kafin ya hau na gaba.

Wata kuma ta ce a daina ba jarumi muƙami don kawai ya ceci 'yar oga, ni ma na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Mai karatu ya ga wahalar tukunna, sannan bayan ƙarin girman a nuna abin da ya canja, canjin wajen aiki, hassadar abokan da suka shiga tare, dangi masu kawo buƙatu, matar da aka bari ita kaɗai a bariki.