Wace kalma za mu sa wa "Chủ tịch nước" na Biyetnam?

'Yan'uwa masu fassara, na ci karo da wannan muƙami, kuma na ga "shugaban ƙasa" kaɗai yana iya ɓatar da mai karatu, domin Bahaushe in ya ji kalmar sai ya ɗauka wuƙa da nama suna hannun mutumin, alhali a Biyetnam Babban Sakataren Jam'iyyar Kwaminis ne ke gaba da kowa.

Asalin ma'anar "chủ tịch" ita ce mai jagorantar zama, shi ya sa wani abokin aikina ya kawo shawarar "ciyaman na ƙasa". Ban karɓa ba, saboda kunnenmu ya riga ya ɗaure ciyaman da ƙaramar hukuma, kuma ba zai dace a kira Ho Chi Minh haka ba, mutumin da ya shelanta 'yancin ƙasar a ranar 2 ga Satumba 1945, ya riƙe kujerar har rasuwarsa a 1969. Su kansu mutanen Biyetnam suna da wata kalma daban, "tổng thống", wadda suke kiran shugaban Amurka da ita, kuma da ita aka kira shugabannin tsohuwar Biyetnam ta Kudu.

"Shugaban jeka-na-yi-ka" ma ya yi nauyi. Gaskiya ne Majalisar Dokoki ce ke zaɓen mai wannan muƙami daga cikin mambobinta na tsawon shekara biyar, amma shi ne babban kwamandan askarawa, shi ke shelanta dokoki, ya yi afuwa ga fursunoni, ya kuma gabatar wa majalisa sunan firayim minista. Bugu da ƙari, Nguyen Phu Trong ya haɗa kujerar da ta Babban Sakatare daga 2018 zuwa 2021, kuma babu mai ce masa jeka-na-yi-ka.

Saboda haka na tsaya kan "shugaban ƙasa", da sharaɗin a ambaci Babban Sakatare a farkon labari, kuma a guji cewa "shugaban Biyetnam" tsurarsa.

Inda har yanzu nake neman ra'ayinku shi ne shekarun 1981 zuwa 1992, lokacin da tsarin mulkin 1980 ya soke kujerar mutum ɗaya ya miƙa aikin ga wata majalisa, wadda Truong Chinh ya fara jagoranta. Na rubuta "shugaban Majalisar Ƙoli ta Ƙasa", sai dai mai wannan suna a Nijeriya shawara kawai take bayarwa, ita kuwa waccan ita ce ke riƙe da shugabancin ƙasar.