Shawarwari a zaure: yaron da ke riƙe labari amma karatu ya gagare shi

Mahaifiya daga Funtua: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ɗana yana aji uku na firamare, shekarunsa 9, kuma idan aka ba shi labari sau ɗaya zai maimaita shi tiryan-tiryan, amma da zarar an ajiye masa littafi sai ya shiga kame-kame, yana cankar kalmomi daga hoton da ke shafin. Malaminsa ya ce daƙiƙi ne, an kuma ba mu shawara ya maimaita aji. Ƙanwata ta ce in bincika abin da ake kira disleksiya, shi ya sa na kawo kukana gare ku.

Malamar firamare daga Zariya: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi. Ki fara kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa, domin yaron da ba ya hango allo ma haka yake yi. Idan lafiyarsu ƙalau, to sai a yi tunanin disleksiya, wadda wahala ce ta haɗa harafi da sautinsa, ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma takan bi jini, don haka ki tambaya ko a dangi akwai wanda ya sha irin wannan fama. Ki gwada shi ba tare da littafi ba: ki ce ya faɗi sautin farko na "gida", ko ya cire "ka" daga "kaza" ya faɗi abin da ya rage. Juya b zuwa d kaɗai ba hujja ba ce, yara da yawa suna yin haka a farkon koyon rubutu.

Malamin ilimin masu buƙata ta musamman daga Kano: Na goyi bayan Malama. Tun a 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 wanda malaminsa ya ce da a baki ake koyar da komai, da shi ne zai fi kowa a makarantar. Shawarata ita ce a koya masa karatu da Hausa tukuna, saboda a rubutun boko kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne, saɓanin Turanci da wasali ɗaya ke canza murya daga kalma zuwa kalma. Littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato, da na RANA, shirin koyar da yara karatu da lissafi a Katsina da Zamfara, an tsara su daga sauti zuwa gaɓa zuwa kalma, kuma da yake kina jihar Katsina, ki nemi na RANA wurin tsofaffin malaman firamare. Sai dai a raba masa b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ, kada a koyar da su rana ɗaya. Don a auna shi sosai, ki tuntuɓi sashen ilimin masu buƙata ta musamman na Jami'ar Bayero.

Malamin Islamiyya daga Gusau: Ina da abin ƙarawa, Malam. Irin waɗannan yara sukan ɓuya a wurinmu saboda haddarsu na da ƙarfi, sai ka ji yaro yana zuba karatu kamar ruwa, ka ɗora masa yatsa a tsakiyar shafi ya tsaya cak. Tsarin babbaƙu da farfaru na makarantar allo yana taimaka musu idan ba a yi gaggawa ba, musamman in yaro yana faɗin harafin da baki yana zana shi da yatsa a ƙasa. Bulala kuwa tsoro kawai take ƙara musu, na gani da idona.

Hedimasta daga Azare: Hajiya, ban yarda da maimaita aji ba in dai da hanyar koyarwar da ta gaza za a sake bi. A makarantarmu aji ɗaya yakan haura yara 80, ba za mu iya ba kowa malami nasa ba, amma mun ware minti 20 kullum ga ƙaramin rukunin yaran da karatu ke ba wahala, mun daina tayar da su su yi karatu gaban aji ba shiri, muna ƙara musu lokaci a jarrabawa, wasu tambayoyin kuma a baki ake yi musu. Ki kai maganar taron iyaye da malamai, domin da wuya a ce ɗanki ne kaɗai a ajin.

Mahaifiya daga Funtua: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambayi mahaifinsa, ya ce ƙaninsa ma sai a aji biyar ya iya karatu. Ranar Litinin za mu je asibitin ido. Malama, minti nawa ya kamata mu riƙa zama da shi a gida, kuma da safe ya fi ko bayan la'asar?