Sitiyari Ya Yi Tauri: Fanfo Ne Ko Ba Fanfo Ba Ne?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Jiya an yi wata magana a nan da ta bar baya da ƙura. Maman Sadiq ta ce sitiyarin Hondarta, Accord ƙirar 2004, ya yi tauri, kuma da safe yana kuka in ta juya. Oga Mai Gareji ya amsa mata cewa duk tsohuwar motar da sitiyarinta ya yi tauri fanfon da ke tura man sitiyari ne ya gaji, a canja shi a huta. Wasu sun ce ba su yarda ba. To ga fili ga mai doki. A kawo hujja, ban da cin fuska.

Oga Mai Gareji: Wa alaikumus salam. Ina nan kan bakata. Motar da ta haura shekara 20, tun daga Amurka ake murza fanfonta, ta zo nan ta shiga ramukanmu da ƙurarmu. A cikin fanfon akwai 'yan ƙananan ƙarafa masu juyawa cikin zobe suna tura mai, kuma ƙarfe in yana gugar ƙarfe dole ya cinye. Alamar a fili take: mota tana sulo sitiyari ya ƙi juyuwa, ka ɗan taka totur ya saki. Wannan fanfo ne ya rasa ƙarfi. Mene ne abin jayayya a ciki?

Malamin Fasaha: Oga, Allah ya ƙara girma. Ba wanda ya ce fanfo ba ya mutuwa. Kalmar "duk" ce ban yarda da ita ba. Alamar da kuka faɗa, bel mai santsi ma yana ba da ita, tankin man sitiyari da man ya yi ƙasa ma yana ba da ita. Kafin a taɓa fanfo akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A ɗaga gaban motar da jak har tayoyin biyu su bar ƙasa, injin a kashe, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In ya tafi sumul, to matsalar tana ɓangaren mai. In ya yi nauyi, ko yana cijewa a wani wuri yana saki a wani, to ba ruwan fanfo: ko boljoyin, wato gaɓar da ƙafar mota ke juyawa a kai, ya bushe, ko boris ɗin kan shokozoba ya kama, ko gaɓar da ke ƙasan sandar sitiyari ta yi tsatsa, ko rak ɗin kansa ne, wato ƙarfen da ke tura tayoyin dama da hagu. Ko sabon fanfo dal aka ɗaura, ba zai sa wa boljoyin giris ba.

Direban Golf: Malam ka manta da iska. Taya in ta yi laushi sitiyari sai ka sa hannu biyu. Ni kafin in shiga layi da safe sai na biya wajen mai faci.

Malamin Fasaha: Gaskiyarka. Akwai takarda a jikin ƙofar direba da ke nuna yawan iskar da motar ke so, yawancin ƙananan motoci tsakanin psi 30 da 33 ne a ma'aunin iska. Shi ne ma farkon abin dubawa.

Oga Mai Gareji: Malam, a aji kake koyarwa, ni a rana nake aiki. Mai mota ya zo yana sauri, ka ɗaga, ka kwance, ka duba, rabin yini ya tafi. Ka ce ya biya kuɗin dubawa ya ce ai ba ka canja komai ba. In kuma ka ɗaure bel kawai ya tafi, bayan sati biyu taurin ya dawo, sunanka ne zai ɓaci a unguwa. Shi ya sa nake kashe maganar gaba ɗaya.

Maman Sadiq: Oga ku yi haƙuri in sa baki tunda motata ce. Yanzun nan na sa yaro ya buɗe bonet muka leƙa tankin bayan na tayar da ita. Man bai yi ƙasa ba, amma ya yi kumfa a sama, kalarsa kuma ja ce mai duhu. A ƙasan motar babu ɗigon komai. Kukan yana raguwa in ta yi zafi.

Malamin Fasaha: Madalla Hajiya, kin ba mu abin da muke nema. Kumfa iska ce, kuma ba ta da hanyar shiga sai ta ɓangaren da fanfo ke zuƙo mai. A Accord na 2003 zuwa 2007 wannan sananniyar matsala ce. A daidai bakin da tiyon tanki ke shiga fanfo akwai wani ɗan zoben roba, bai fi a sa a yatsa ba. In ya tsufa sai ya ƙandare. Ba ya zubar da mai waje, shi ya sa ƙasan motarki a bushe yake, amma yana barin iska ta kutsa ciki. Da sanyin safiya robar ta fi ƙanƙancewa, kukan ya fi yawa, in injin ya ɗumama ta ɗan saki. Na biyu, a gindin tankin nan akwai raga mai tace mai. In dauɗa ta toshe ta, fanfo zai riƙa ja bai samu ba, ya yi ta gurnani. Mai lafiya ne, yunwa ce ke sa shi kuka. A canja zoben, a wanke tankin ko a sa wani, sannan a saurara.

Abu na uku shi ne kalar da kika faɗa. Man sitiyarin Honda ba ja ba ne, garai-garai yake in yana sabo. Ja yana nufin wani ya taɓa zuba mata man giya.

Direban Golf: To a nan ni ma zan ja. Man sitiyari ai duk ɗaya ne. Jan man nan na giya shi kowa ke zubawa a tasha, Golf, Sharon, Camry, duka. Ni shi nake ƙarawa kullum, ga motata tana zuwa Katsina tana dawowa.

Ɗan Panteka: Yayana, ba ɗaya ba ne, mu da ke sayarwa mun sani. Tsofaffin Toyota, irin Camry ta 1997 zuwa 2006 da Corolla ta 2003 zuwa 2008, su kamfanin da kansa ya ce a zuba musu man giya nau'in Dexron, a wasu ma a kan murfin tankin aka rubuta. Daga nan mutane suka ɗauka kowace mota haka take. Honda nata man daban ne, littafin motar ya hana zuba wani. Golf 3 ɗinka kuma koren mai aka yi ta da shi, mai lamba G 002 000. Sannan ka ce kullum kana ƙarawa. Wannan mai ba ƙonewa yake ba, zagayawa yake ya dawo tanki. In yana raguwa to wani wuri yake fita. Ka matsa robar da ke rufe bakin rak ta kowane gefe, in ka ji ta cika da mai, sil ɗin ciki, wato robar da ke tare man, ya tafi.

Direban Golf: Zan duba. Amma motar da ta tsufa ai dole ta yi gumi. Wani ma ce min ya yi in ɗan ɗiga man birki a ciki, wai yana kumbura sil ya daina yoyo.

Oga Mai Gareji: Kul! Kada ka soma. A nan ni da Malam bakinmu ɗaya. Man birki ba dangin wannan mai ba ne ko kaɗan. Zai kumbura robar, gaskiya ne, amma ba zai tsaya ba sai ya lalata ta, daga fanfo har rak har tiyo. Na kwance rak ɗin da aka yi wa haka, sil ɗin yana narkewa a hannu. Wanda ya ba ka shawarar nan ba shi zai biya ba.

Alhaji Baba: Yara, ni abin yana ba ni mamaki. Mun ja 504 da aka haɗa a Kaduna shekara da shekaru, babu fanfo babu mai, muka je Legas muka dawo. In abin ya dame ta a cire bel ɗin fanfon ta ja haka nan.

Malamin Fasaha: Ranku ya daɗe Baba, motocin ba ƙirarsu ɗaya ba. 504 da baya take ja, tayarta siririya ce, sitiyarinta faffaɗa, an kuma yi shi ya juya sau da yawa don ya yi sauƙi a hannu. Accord da gaba take ja, injin da giya duk nauyinsu a kan tayoyin gaba yake, an ƙera rak ɗinta ne da nufin mai zai taimaka. In aka raba ta da fanfo ta fi 504 tauri nesa ba kusa ba, kuma ranar da yaro ya gifta titi ba za ta kauce da wuri ba. Ga shi bel ɗaya ne ke jan fanfon da altaneta da kwampireson AC, ba a cire shi.

Alhaji Baba: To Allah ya kyauta. Na ji wannan.

Hajiya Mai Corolla: Salamu alaikum. Tawa ta 2010 ce, ita ma takan yi nauyi wani lokaci, na nemi tankin ban gani ba.

Ɗan Panteka: Hajiya taki ba ta da shi. Daga ƙirar 2009 Corolla ta koma sitiyarin lantarki, babu fanfo babu mai. Ki fara da batir da caji, in kuma fitilar sitiyari ta kama a dashbod a sa mata kwamfuta. Ki kai wa mai gyaran lantarkin mota, ba bakanike ba.

Bari in koma kan maganar Oga, don ta shafi sana'ata. Fanfon da muke sayarwa na Baljiyam ne, daga kasuwar Ladipo ta Legas yake zuwa mana, haka na Ƙofar Ruwa ta Kano ma akasari. An ciro shi ne daga motar da ita ma sa'ar taka ce. Wani yana zuwa bakinsa a buɗe, ya sha ƙura a kwantena da kan tebur. Ana dawo mana da fanfo a ce bai yi ba, mu ɗaura a wata motar ya yi shiru lafiya lau. Ka ga ashe tun farko ba shi ne mai laifin ba. Ni ciniki nake so, amma mutum ya cire nasa na asali mai lafiya ya ɗaura wanda bai san tarihinsa ba, wannan asara ce.

Oga Mai Gareji: Ƙanina, dawowar da ake yi muku rabi laifin masu ɗaurawa ne. Fanfo in ya ci kansa yana zubar da garin ƙarfe cikin mai, ka shafa a yatsa ka ga yana ƙyalli. In ba a wanke layin duka ba, garin nan zai shiga wanda aka ɗaura ya kashe shi. Ni sai na cire tiyon da ke mayar da mai tanki na sa shi a galan, ina zuba sabo ana juya sitiyari har sai mai tsabta ya fito. Bayan nan a fitar da iska, gaba a ɗage, injin a kashe, a yi ta juyawa dama da hagu har kumfa ta ƙare, sannan a tayar. Masu mota kuma ku daina danne sitiyari a ƙarshe kuna riƙewa in za ku yi kwana. Ƙarar da kuke ji a lokacin fanfo ne ke aiki iya ƙarfinsa man yana zafi. In ya kai ƙarshe ku ɗan sassauta.

Malamin Fasaha: Wannan bayani ko a littafi sai haka. Kun ga Oga, ku da kanku kun kawo shaidar da ake yanke wa fanfo hukunci da ita: garin ƙarfe a mai. Ɗayar ita ce ma'aunin matsi. Fanfo mai lafiya yana haura psi 1,000 in an kai sitiyari ƙarshe. In an sa ma'auni ya kasa kaiwa abin da kamfani ya rubuta, bel a ɗaure, mai a cike, babu kumfa, to ni ma zan ce a canja. Ko a nan ma a fara ciro bawul ɗin da ke jikinsa a duba, don yakan maƙale da dauɗa.

Oga Mai Gareji: Ma'aunin nan gareji nawa ke da shi a garin nan? Mu da kunne da hannu muke aiki. Har gobe ina cewa a motocin da suka kai wannan shekaru, fanfon ne ya fi yawan kawo su wurina.

Malamin Fasaha: Waɗanda suka iso wurinku kenan, bayan sun yi wata da watanni suna zuƙar iska da man da ba nasu ba. A lokacin kam ya riga ya mutu.

Oga Mai Gareji: To ku riƙa kawowa da wuri. Duk wanda ya zo daga zauren nan zan ɗaga masa gaba, in duba bel da tanki da zoben kafin in aika yaro kasuwa. Amma kuɗin dubawa daban ne, a biya shi ko an canja abu ko ba a canja ba. Mai Honda kuma ya taho da man Honda a hannunsa, kwalba a rufe, ba na tsiyaye ba.