Sa jariri cikin inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi: abin da aka tattauna

An yi wata tattaunawa kan yadda ake sa jariri cikin wannan inshora. Inda bakin mahalarta ya zo ɗaya:

1. A tambayi takardun da ake nema tun kafin haihuwa. Mai jego ba ta da sukunin zirga-zirga.
2. A tanadi shaidar haihuwa ta asibiti, katin uwa, da takardar da ke nuna kuɗin shigar iyali. A riƙe kwafi.
3. Mazauna Amurka sun ce idan uwa na cikin Medicaid (inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi) ranar haihuwa, jaririnta na ciki har ya cika shekara 1. Duk da haka a sanar da ofishin inshorar, kada a zauna kan zato.

An rabu kan takardar haihuwa ta hukuma. Wasu sun ce a jira ta fito, akasari suka ce a fara da shaidar asibiti, tunda ciwon jariri ba ya sallama. Ni ma can na karkata.