Neman kalmar Hausa: me za mu kira “ceramic artist” a rediyo?

Mai Shirin Al'adu: Assalamu alaikum, malamai. Ina haɗa shirin ranar Alhamis a kan masu zane da masu aikin yumɓu na wannan zamani, kuma dole rubutun ya isa hannun mai gabatarwa kafin daren Laraba. Kalmar da ta tsayar da ni ita ce ceramic artist. Zan yi magana a kan Magdalene Odundo, haifaffiyar Nairobi da ke aiki a Ingila, da El Anatsui wanda ya yi jerin fasassun tukwane a Nsukka a ƙarshen shekarun 1970, kuma ina so mai sauraro ya gane cewa ayyukansu na kallo ne, ba na girki ko ajiyar ruwa ba.

'Yar Zazzau: Wa alaikumus salam, Yaya. Ki ce “mai ƙera tangaran”, domin kowa ya san kwanon tangaran.

Ɗalibin Sashen Zane: Tangaran ba zai ɗauki Odundo ba, domin ba ta shafa wa tukwanenta ruwan gilashin da ke sa tangaran ƙyalli. Da hannu take ginawa, ta goge jikin tukunyar har ya yi sheƙi, sannan ta gasa: gashin da iska ke shiga sosai ya ba ta jan launi, wanda aka toshe wa iska kuma ya mayar da tukunyar baƙa. Ta zo cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a tsakiyar shekarun 1970, inda ta koyi ginin hannu a wurin Ladi Kwali. Haka kuma ƙira ta maƙeri ce, yumɓu gina shi ake yi.

Tsohon Malamin Hausa: Madalla, yaro, ka kawo mu inda nake so. Hausa tana da magini da maginiya da magina tun kafin a haifi kakanninmu, saboda haka ban ga abin da ake nema ba. A 1954 Ladi Kwali ta shiga wannan cibiyar ta Abuja, wadda Michael Cardew, maginin tukwane ɗan Ingila, ya kafa, ita ce mace ta farko a can, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta yana bayan takardar naira 20, kuma har ta rasu a 1984 maginiya ce. Idan sunan ya ishe ta, wa ya fi ƙarfinsa?

Mafassari: Ranka ya daɗe, da girmamawa, magini a kunnen mai sauraron yau mai ginin gida ne. Ni na daɗe ina amfani da “mafasahin yumɓu”, a kan tsarin marubuci da manazarci, jam'insa mafasahan yumɓu, macen kuma mafasahiya.

Tsohon Malamin Hausa: Marubuci daga rubuta ya fito, manazarci daga nazarta. Wane aikatau ne ya haifi mafasahi? Abin da ke damuna ya wuce nahawu: muna jin kunyar sunan sana'ar ne saboda matan karkara ke yin ta, shi ya sa da zarar tukunya ta shiga gidan baje koli a Landan sai mu nema wa mai ita sabon laƙabi.

Mafassari: Ba kunya ba ce, Malam. Aikin da kansa ya sauya. Tulun gargajiya ana gasa shi a fili, jikinsa yana tsatsafo, abin da ke sanyaya ruwa ke nan. Waɗanda Ladi Kwali ta yi a cibiyar, da zanen ƙadangare da kunama da kifi a jikinsu, an gasa su a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200 bayan an shafa musu ruwan gilashi, sun yi nauyi, ba sa tsatsafo, sun koma abin ado. Mafasahi yana nuna wannan bambanci.

Ɗan Damagaram: Mu a nan magina muke kiran masu tukwanen Miriya, garin da ke kusa da Damagaram, kuma ba wanda ya raina su. Amma idan kuka sa mafasahi a iska, masu sauraro a Nijar ba za su gane ba, kuma ba a tuntuɓe mu kafin a yanke irin wannan hukunci.

'Yar Zazzau: Gaskiya ne, Malam. A kuma tuna Ladi Kwali Bagwariya ce, kada shirin ya mayar da ita Bahaushiya don mun ba ta sunan Hausa.

Mai Shirin Al'adu: Na riƙe wannan, ƙanwata. Amma lokaci yana tafiya, kuma ga ɓangaren masu zane ban taɓa ba. Zan ambaci Jerry Buhari na Zariya da Njideka Akunyili Crosby, wadda ke haɗa fenti da hotunan mujallu da na iyali da take mannawa a jikin takarda. “Mai fenti” zai kai hankali ga mai shafe bango.

Ɗalibin Sashen Zane: Ki ce “mai zanen fenti”, Malama. Idan kin tsaya a “mai zane”, mai gabatarwa ya kula da karin sauti da tsawon wasali, kada a ji kamar mai sayar da zanen ɗaurawa. A ɗaya ɓangaren kuma ina ganin “mai fasahar yumɓu” ya isa, tunda fasaha kalma ce da kowa ya sani kuma ba a ƙirƙiri komai ba.

Mafassari: Ai wannan mafasahina ne aka tsawaita. Ba zan hana ba, amma a rubuce-rubucena zan ci gaba da nawa.

Mai Shirin Al'adu: To, ga abin da zan miƙa: “mai zanen fenti”, sai “mai fasahar yumɓu” ga Odundo da Anatsui, Ladi Kwali kuma “maginiya kuma mai fasahar yumɓu” a ambato na farko. Ruwan gilashin nan zan bayyana shi da jimla, tunda ba mu samo masa suna ba.

Tsohon Malamin Hausa: Na amince saboda Alhamis kawai, 'yata, da sharaɗin maginiya ta zo a gaba. Idan an gama shirin, zan buɗe zance a kan sunan ruwan gilashin, kuma ina so Ɗan Damagaram ya fara tambayo mana magina na Miriya.