Neman kalmar Hausa: me za mu kira "eye" na guguwa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum malamai. Ƙarfe 4 na yamma za a ɗauki shirina na kimiyya a rediyo, kan mahaukaciyar guguwar teku irin Idai da ta afka wa birnin Beira na Mozambik a watan Maris na 2019. Takardar da aka ba ni da Turanci take, kalmar "eye" kuwa ta cika ta. Ana nufin wurin nan na tsakiyar guguwar, zagayayye, mai faɗin kilomita 30 zuwa 65 galibi, inda iska ke lafawa har a hango sararin sama. Na rubuta "idon guguwa" na goge, na sake rubutawa na sake gogewa. A taimaka.

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Cibiyar guguwa mana.

Maman Ilham: Na gwada wa mai haɗa mana sauti, ya ce shi ya ɗauka wani ofishi ne da ke lura da guguwa, kamar cibiyar lafiya.

Ɗan Damagaram: Hajiya, bar shi a idon guguwa. Mu nan Faransanci ma ido yake cewa, Larabci ma haka. Hoton tauraron ɗan'adam idan kin duba, rami ne baƙi a tsakiyar farin gajimare, sak ƙwayar ido.

Malam Na-Zage: To ga irinta nan. Bature ya ce ido, mu ma sai mu ce ido. Wannan kwafe ne, ba fassara ba. Ku lura, Bature yana kiran ramin allura "eye", shin Bahaushe ya taɓa cewa idon allura? Kafar allura muke cewa, haka malamai ke fassara aya ta 40 ta Suratul A'araf, inda aka yi maganar raƙumi. Abin da Bature ke kira mugun ido, mu a baki muka ajiye shi, muka ce kambun baka. Kowane harshe da inda yake aje gaɓoɓinsa. Ni shawarata "mahutar guguwa", wato inda take hutawa. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina haka.

Baba Tela: Malam, shekara 40 ina kan keken ɗinki, mu a wajenmu hancin allura muka tashi muna ji.

Malam Na-Zage: Ka ƙara mini hujja ke nan, Baba. Hanci ko kafa, ba dai ido ba.

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta Malam, idon sawu fa? Idon ruwa fa? Idon itace, idon zakara? Bature ne ya ba mu su? Bahaushe ya saba kiran abu zagayayye da ke tsakiyar wani abu da ido tun kafin ya ga Bature.

Malam Na-Zage: Idon ruwa ina zargin daga Larabci muka same shi. Kai kuma da Hausarku ta cika da lakwal da lokotoro, ba kai za ka koya mini tsarkin harshe ba.

Ɗan Damagaram: Ku masu asibiti da mota da burodi fa? Daga bakin Bayajida kuka ji su?

Abban Sadik: Jama'a, baiwar Allah nan ƙarfe 4 take jira.

Anti Malama: Ni labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare, kuma ina da matsala da mahuta. Guguwar ba hutawa take yi ba. Iskar da ta fi kowace ƙarfi tana nan kewaye da wurin kamar zobe, Turawa na kiranta bangon ido. Idan tsakiyar ta ratsa gari, sai a ji tsit, wani lokaci har rana ta fito. Mutane su fito duba rufin kwano da dabbobi, ba a jima ba ɗaya gefen ya iso, iskar kuma ta juyo daga inda ba ta nan ta fito da farko ba. Duk kalmar da za ta sa mai sauraro ya ji kamar an huta, ta cuce shi.

Malam Na-Zage: Mahuta ai ba ta nufin an gama. Matafiyi yakan huta ya tashi.

Anti Malama: A aji za ka iya wannan bayanin, Malam. A rediyo kalma sau ɗaya take wucewa.

Maman Ilham: Anti kin tuna mini, bangon idon ma yana cikin takardar. Shi kuma fa?

Baba Tela: Ganuwa. Fili a ciki, ita ta kewaye shi, kamar Kano.

Anti Malama: Kai, Baba ya burge ni! Ganuwar guguwa. Gobe zan kai ta aji.

Malam Na-Zage: Wannan kam Hausa ce. Da haka kuka fara da ban yi magana ba.

Abban Sadik: Hajiya a kula da abu guda. 'Yan jarida kan ce ɗan siyasa yana cikin "eye of the storm", can kuma rikici suke nufi, ba lafawa ba. Idan kin ci karo da shi kada ki ce gwamna na cikin idon guguwa. Ya shiga tsaka mai wuya, shi ke nan.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta: "tsakiyar guguwar, wadda masana ke kira idon guguwa", daga nan in ci gaba da ido kawai, sai kuma ganuwa. Furodusa na ta leƙo ni, na tafi.

Malam Na-Zage: Tunda kin ce "masana ke kira", kin jingina musu, ba da yawun Bahaushe ba. Na bari ya wuce na yau. Ɗalibaina dai mahuta za su rubuta a jarrabawa.